Kundin Neman Bindigar Parker ta Shekarun Ƙarshe

9 ga Satumba, 2023

Na yanke shawarar cewa bindiga ta gaba da za ta shiga cikin tarina ita ce Parker mai baki biyu a jere, daga cikin waɗanda aka ƙera a shekarun ƙarshe na kamfanin, wato tsakanin 1934 da 1942. Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta abin da na gani da abin da na auna, saboda a irin wannan ciniki ido yakan riga hankali yanke hukunci, kuma abin da aka rubuta da lamba ba ya sauyawa idan sha'awa ta motsa.

Charles Parker da 'ya'yansa sun fara ƙera bindigogin farauta a garin Meriden na jihar Konetikat a ƙarshen shekarun 1860, kuma sunan Parker Brothers ya yi kaka-gida a zukatan maharban Amurka har tsawon shekara sittin da ɗoriya. Karyewar tattalin arziki ta 1929 ce ta durƙusar da su, kamar yadda ta durƙusar da sauran masu ƙera bindiga mai baki biyu, domin aikin yana cin hannun gwanaye da lokaci mai yawa, alhali bindigogi masu bututu ɗaya da ke ɗaukar harsasai da dama, irin su Winchester Model 12, sun fi araha kuma sun fi sauƙin ƙerawa da inji. Kamfanin Savage ya sayi A.H. Fox a 1929 ya mayar da aikin daga Filadelfiya zuwa Utica, shi kuwa Remington ya sayi Parker a 1934. An ci gaba da aiki a Meriden na 'yan shekaru, sannan wajen 1937 zuwa 1938 aka kwashe injuna zuwa Ilion a jihar Niyok, inda aka yi ta ƙera su kaɗan-kaɗan har 1942, lokacin da masana'antar ta koma aikin makaman Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙi ba a sake komawa kanta ba.

Masu tarawa da yawa sun fi ƙaunar bindigogin Meriden na farkon ƙarni na 20, suna cewa a lokacin ne hannun maƙera ya fi laushi, kuma ban musa musu ba idan ana maganar zane da gyaran katako. Sai dai lambobin siriyal na Parker gaba ɗaya sun tsaya ne a ɗan sama da 242,000, kuma zamanin Remington ya fara ne daga wajen 236,000, ke nan abin da aka ƙera a waɗannan shekaru takwas bai wuce dubu shida da ɗoriya ba. Ban da ƙarancinsu, ƙotocinsu sun fi dacewa da yadda ake harbi a yau, ƙarfensu na zamanin albarushi marar hayaƙi ne, kuma kowace ɗaya shaida ce ta yadda sana'a take a lokacin da take gab da rufe ƙofa. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi jan raina.

Abin da nake nema shi ne ajin VH ko VHE, geji 16 (wato awon faɗin cikin bututu), bututu inci 28, kunama biyu, kuma wadda babu wanda ya taɓa sabunta ta. Ajin VH shi ne aka fi ƙerawa a tarihin kamfanin, bututunsa na ƙarfen da suka kira Vulcan ne, zanensa ɗan layi ne kawai a gefen uwar bindigar, wato ƙarfen tsakiya da ke haɗa bututu da ƙota. Harafin E yana nufin bindigar tana cillo kwanson da aka harba da kanta idan an buɗe ta.

24 ga Satumba, 2023

Na shafe makonnin nan ina haddace alamomin da ake gane bindigar wannan zamani da su. Lambar siriyal ta Parker tana fitowa a wurare da dama: a kan shimfiɗar uwar bindiga inda bututu ke kwanciya, a ƙarƙashin bututun, a ƙarfen mariƙin gaba, a wutsiyar ƙarfen da ke kare kunama, har ma a cikin katakon ƙota idan an cire wannan ƙarfe. Dole dukansu su zo ɗaya, domin bindigar da aka haɗa daga gaɓoɓin bindigogi biyu tana iya yin harbi lafiya, amma ga mai tarawa darajarta ta faɗi. Girman uwar bindiga ma an buga shi a ƙasan ƙugiyar bututu ta baya, kuma geji 16 yakan zo ne a kan girma 0 ko 1.

Abin da ya fi amfani shi ne haruffan kwanan wata da Remington ke bugawa a gindin bututu. Harafin farko na wata ne, kuma an ɗauko shi daga jerin BLACKPOWDERX, inda B ke nufin Janairu, L Fabrairu, A Maris, haka har X da ke nufin Disamba. Harafi na biyu na shekara ne: C ita ce 1934, D 1935, E 1936, F 1937, G 1938, H 1939, J 1940, K 1941, L kuma 1942. Idan an ga lamba 3 ta biyo bayan haruffan, to alama ce ta cewa bindigar ta koma masana'anta don gyara a wannan wata, ba ranar haihuwarta ba ce, kuma saboda haka ake samun tsohuwar bindigar Meriden da haruffan Remington a jikinta.

Akwai kuma Parker Reproduction, waɗanda aka ƙera a Japan a masana'antar Olin-Kodensha daga 1984 zuwa 1989. Bindigogi ne masu kyau ƙwarai, kuma rubutun da ke jikinsu bai ɓoye asalinsu ba, amma ba su ne nake nema ba, kuma na ga tallace-tallacen da suka bar wannan bayani a layin ƙarshe.

15 ga Oktoba, 2023

Na je wani baje-kolin tsofaffin bindigogi, kuma a can na fara riƙe bindigar da ta yi kama da abin da nake so. VHE ce geji 16, lambarta ta fara da 239, katakonta mai duhu ne, kuma hannun buɗewa yana karkace zuwa dama kamar yadda ake so. Mai ita ya rubuta a takarda cewa bututun inci 26 ne na asali.

Da na sa tef na auna daga inda harsashi ke shiga zuwa baki, sai na samu inci 26 da kwata. Parker kan fitar da bututu ne a kan cikakken inci, galibi 26, 28, 30 ko 32, saboda haka wannan kwata ya sa na kai bakin bindigar kusa da haske. A kan doron da ke kwance tsakanin bututun biyu akwai zane mai kama da igiyar ruwa wanda ke hana ƙyalli, kuma a bindigar da ba a taɓa ba wannan zane yakan tsaya kafin baki, ya bar ɗan fili sumul da layi a gicciye. A wannan bindiga zanen ya zarce har ya faɗa bakin, ba fili ba layi. Bututun biyu kuma ba su taɓa juna a baki ba, akwai tazarar da aka cike da dalma mai launin toka. Na nemi izini na zura ma'aunin ciki, sai na ga babu matsewa ko kaɗan a bututun dama, na hagu kuwa abin da ya rage bai kai inci 0.005 ba.

An yanke wannan bututu, mai yiwuwa daga inci 28 ko 30, kuma da alama tun da daɗewa, domin gefen yankan ya yi duhu daidai da sauran ƙarfen. Ban ɗauka mai ita ya yi niyyar yaudara ba, tun da shi ma a haka ya saye ta. Na faɗa masa abin da na gani cikin ladabi, na mayar masa da ita. Yankan bututu na cikin lahanin da ba a gyarawa, domin matsewar baki, wadda ita ke tattara ƙwayoyin dalma su tafi tare, a 'yan incin ƙarshe take zaune, kuma abin da zarto ya ɗauke ba ya dawowa.

5 ga Nuwamba, 2023

Na aika da takardar neman lasisin masu tara tsofaffin makamai zuwa hukumar ATF, mai kula da dokokin bindiga na tarayyar Amurka. A dokar tarayyar Amurka, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan ana ɗaukarta kayan tarihi, amma Parker ta shekarun 1930 cikakkiyar bindiga ce a idon doka, kuma tun daga dokar 1968 ba a aika irinta daga wata jiha zuwa wata sai ta hannun mai lasisi. Bindigar da ta haura shekara 50 tana shiga rukunin da wannan lasisi ya shafa. Kuɗinsa dala 30 ne na shekara uku, kuma yana wajabta wa mai shi ajiye littafin da zai rubuta kowace bindiga da ta shigo da wadda ta fita. Dokokin jihohi sukan ƙara nasu sharuɗɗa a kan wannan, don haka na karanta na jihar da nake zaune kafin in sa hannu.

3 ga Disamba, 2023

Wani gidan gwanjo ya fitar da kundin kayansa, kuma a ciki akwai VHE geji 16 mai bututu inci 28, lambarta a cikin 240,000. Hotunan sun tsaya mini a rai kwana da kwanaki. Uwar bindigar tana walƙiya da shuɗi da ja da ruwan ƙasa, bututun baƙi ƙirin, katakon kamar yau aka fito da shi. Na je ranar da aka ba masu saye damar dubawa, kuma gani ya kori ji.

Launukan da ke jikin uwar bindigar Parker ba fenti ba ne. Ana samun su ne idan an rufe ƙarfen cikin gawayi a gasa shi a tsunduma cikin ruwa domin fatarsa ta yi tauri, kuma launin da wannan aiki ke bari siriri ne ƙwarai, hannu da rana suna cinye shi a hankali. Bindigar da ta shekara tamanin da biyar tana da cikakken launi a ƙasanta, inda tafin maharbi ke riƙe ta duk yini, ko dai ba a taɓa fita da ita ba, ko kuma an sake gasa ta. Na sa gilashin ƙara girma a kan rubutun da zanen gefe, sai na ga bakin haruffan ya yi laushi, wasu layukan sun dushe a tsakiya, alamar an goge ƙarfen da injin gogewa kafin a sake ba shi launi. Ramukan sukurori sun ɗan faɗa ciki kamar kwano. Katakon kuma ya sauka ƙasa da ƙarfe a inda suka haɗu, alhali a aikin masana'anta katako yakan ɗan ɗara ƙarfe tsayi, kuma ba abin da ke jawo haka sai takardar yashi. Kyan ɗan maciji ke nan ga wanda yake neman ta asali.

Abin da ya fi damuna shi ne baƙin bututun, wanda ya yi sheƙi fiye da kima. Doron bindiga mai baki biyu da dalma mai laushi ake liƙa shi, saboda haka hanyar da ta dace a baƙanta bututun ita ce a sa shi ya yi tsatsa a hankali, a tafasa, a goge, a maimaita. Idan aka tsoma shi cikin tafasasshen ruwan sinadarin da ake amfani da shi ga bindigogin zamani, sinadarin yakan ci dalmar ta ciki, kuma bayan shekaru doron ya saki. Na cire bututun na rataye shi a yatsa ta ƙugiyarsa na ƙwanƙwasa da bayan farce. Lafiyayyen bututu yakan yi amo mai tsawo, wannan kuwa ya yi wani ɗan sauti gajere da kakkarwa a ƙarshensa.

Ba ni da ƙiyayya da sabunta bindiga. Akwai gwanayen da ke yin wannan aiki da tsoron Allah, su ceto bindigar da ta lalace, kuma su rubuta abin da suka yi. Amma bindigar da aka sabunta tana ba da labarin wanda ya sabunta ta ne, ni kuwa labarin mutanen Ilion nake nema, da irin hannun da suka sa a shekarun da aikin ke ƙarewa. Kundin gwanjon ya ce yanayinta na da kyau matuƙa, bai ce na asali ba ne, kuma wanda bai lura da wannan bambanci ba zai biya kuɗin ta asali, ya ƙara da kason da gidan gwanjo ke ɗorawa a kan mai saye. Ban taya ba.

21 ga Janairu, 2024

Lasisin ya iso a farkon wata. A makon jiya kuma wani dillalin tsofaffin bindigogi a wata jiha ya sa tallar VHE geji 16 da hotuna huɗu marasa haske, kuma abin da ya ja hankalina shi ne rashin kyanta. Uwar bindigar ta koma launin azurfa, baƙin bututun ya koɗe a daidai inda hannun hagu ke kamawa, kuma a gindin ƙotar akwai farantin asali mai hoton kan kare, gefensa ɗaya ya ɗan ɓantare.

Na roƙe shi ƙarin hotuna na wurare takamaimai: bakin bututu daga gaba da daga sama, gindin bututu inda haruffa suke, shimfiɗar uwar bindiga, cikin mariƙin gaba, da kan ƙota a bayan hannun buɗewa. Ya aiko da su ba tare da ƙorafi ba, wanda a wurina alama ce mai kyau. Lambar ta fara da 241, haruffan kwanan wata WG ne, wato Agustan 1938, kuma babu lamba 3 a bayansu. Zanen doron ya tsaya kafin baki da filinsa da layinsa. A cikin lungunan da hannu ba ya kaiwa, ƙarƙashin hannun buɗewa da gefen ƙarfen kunama, launin gashin asali yana nan da sauransa. Na aika wa ƙungiyar masu tara Parker, wato Parker Gun Collectors Association, da lambar domin su duba abin da ya tsira na takardun masana'anta, na kuma nemi dillalin ya riƙe mini ita da ɗan kafin alƙalami.

10 ga Fabrairu, 2024

Wasiƙar ƙungiyar ta zo, gajeriya ce, amma ta tabbatar da abubuwan da suka fi muhimmanci: ajin VHE, geji 16, bututu inci 28. Mun daidaita da dillalin a kan sharaɗin da aka saba a wannan kasuwa, wato kwana uku na dubawa daga ranar da ta iso, ba harbi, ba kwance sukurori sai da izininsa, kuma idan ban gamsu ba in mayar da ita a kan kuɗin aikawa na. Na nemi izinin a cire ƙota a wurin maƙerin bindiga, ya amince a rubuce.

20 ga Fabrairu, 2024

Ta iso da rana, kuma na shigar da ita littafi kafin in yi komai. Nauyinta laba 6 da oza 10, girman uwarta 1, kuma idan an ɗora ta a yatsa tana daidaita ne kusa da ƙusar da bututu ke juyawa a kai. Tsawon ƙota daga kunamar gaba zuwa gindi inci 14 ne, saukarta daga layin doro inci ɗaya da rabi a gaba, inci biyu da rabi a baya. Tsofaffin bindigogin Amurka na farkon ƙarni sukan sauka har inci uku a baya, abin da ke tilasta wa maharbi ɗaga kai daga katako, saboda haka wannan awo na cikin alherin bindigogin ƙarshe.

Lambobi sun zo ɗaya a duk inda ido ke kaiwa. Na cire mariƙin gaba na riƙe ta ta ƙota na girgiza, ban ji motsi ba ko kaɗan, na ɗaga ta ga fitila ban ga haske yana ratsawa tsakanin gindin bututu da fuskar uwar bindiga ba. Hannun buɗewa yana tsayawa a karkace zuwa dama, wanda ke nuna sakatar da ke kulle bututu ba ta cinye ba tukuna. Bututun ya yi amo mai tsawo da tsabta. Na sa harsasan gwaji marasa albarushi na ja kunama biyu na buɗe, sai kwanson biyu suka fita tare suka faɗi kusa da juna, kuma na ji daɗin haka, domin na'urar cillo kwanso ta Parker tana da ƙananan gaɓoɓi da yawa, gyaranta kuma yana da tsada.

Tsagar riƙo da ke jikin katakon ta sha hannu har kawunanta sun kwanta, amma layukanta na asali ne, ba a sake bin su ba. Bakin sukurorin ƙasa bai taɓa haɗuwa da sukudireba marar dacewa ba, kuma tsagoginsu suna kallon gaba a layi ɗaya. Abu ɗaya ne ya tsaya mini: katakon kan ƙota ya yi baƙi fiye da sauran, kuma a bayan wutsiyar ƙarfen sama na hango wani siririn layi da bai bi jijiyar katako ba.

21 ga Fabrairu, 2024

Na kai ta wurin wani dattijon maƙeri da ya daɗe yana aikin bindigogi masu baki biyu, kuma na tsaya a gefensa ina rubuta lambobi yana faɗa. Faɗin cikin bututun dama inci 0.664 ne, na hagu 0.665, kuma tun da awon geji 16 shi ne 0.662, wannan ya nuna ba a taɓa rarake cikin don kawar da ramukan tsatsa ba. Matsewar baki 0.016 ce a dama, 0.028 a hagu, wato matsakaiciya da cikakkiya, irin haɗin da aka fi yi wa bindigar farautar tsuntsaye a wancan zamani. Mazaunin harsashi inci biyu da kwata uku ne, kuma ya duba gangaren da ke gabansa da fitila ya ce bai ga sawun wani ƙarfen rarake na baya ba. Wannan yana da muhimmanci, domin tsofaffin bindigogin geji 16 na Amurka sukan zo da mazauni mai inci 2 da 9/16, kuma mutane da yawa sun tsawaita shi daga baya, suka rage kaurin ƙarfe a daidai inda ƙarfin fashewa ya fi yawa.

Awon kaurin bango shi ne ya fi ɗaukar lokaci, domin sai an bi kowane bututu a tsaye da kewaye, har da gefen doro inda ƙarfe kan fi sirancewa. Mafi sirantar wuri ya ba da inci 0.031, a tsakiyar bututun dama. Masu wannan sana'a a Ingila sukan ɗauki 0.020 a matsayin iyakar da ba a son a sauka ƙasa da ita, saboda haka akwai sarari mai yawa. Babu kumburi, babu lotsawa, sai ɗan dusashewa a gaban mazaunin hagu wanda bai kai a kira shi rami ba.

Da ya cire ƙotar, lambar da ke cikin katakon ta dace da sauran, amma layin da na hango ya tabbata tsagewa ce, tsawonta ya kai inci ɗaya da rabi daga ciki, kuma katakon wurin ya jiƙe da mai har yatsa na iya barin sawu a kansa. Ya bayyana cewa wannan ciwo ne na kusan kowace tsohuwar bindiga: mai ita yakan zuba mai a bututu ya jingine ta a kan gindinta, man ya gangara shekara da shekaru ya shiga kan ƙota, katakon ya yi laushi, sannan duk harbi uwar bindiga ta riƙa tura shi baya tana buɗa shi. Ya ce tsagewar ba ta kai wuyan ƙota ba, kuma za a iya tsayar da ita daga ciki ba tare da an taɓa fuskar katakon ba.

22 ga Fabrairu, 2024

Na aika wa dillalin da hoton tsagewar da ƙiyasin kuɗin gyara, na ce ina son bindigar amma a rage wannan kuɗi daga farashi. Ya ce bai san da ita ba, kuma na yarda da shi, tun da ba a ganin girmanta sai an cire ƙota. Ya sauke abin da na nema, muka rufe ciniki.

Na yi tunani a kan ko tsagewar ta saɓa wa sharaɗin da na gindaya wa kaina a watan Satumba. Hukuncin da na yanke shi ne cewa ba ta saɓa ba, domin lahani ne da amfani da shekaru suka kawo, ba hannun wani mai son ƙawata ta ba, kuma gyaransa ba zai ɗauke komai daga aikin masana'anta ba.

30 ga Maris, 2024

Ta dawo daga wurin maƙeri. Ya tsotse man da ke cikin katakon a hankali da garin alli da sinadarin narkar da mai, yana shafawa yana barinsa ya bushe yana karkaɗewa, har garin ya daina sauya launi. Bayan haka ya buɗa tsagewar kaɗan ya cusa gam mai ƙarfi, ya dasa ɗan siririn ƙarfe a gicciye daga ciki, sannan ya gyara mazaunin da uwar bindiga ke jingina a kai domin ƙarfin harbi ya bazu a faɗin katakon. Daga waje layin yana nan ga wanda ya san inda zai duba, kuma haka nake so. Ya wanke kayan cikin daga busasshen maiƙon da ya daskare, bai sauya ko sifirin ɗaya ba.

Ya tambaye ni ko ina son a sake baƙanta bututun ta hanyar da ta dace, a kuma nemo sabon farantin gindi a madadin mai ɓantaren. Na ce a bar su. Koɗewar da ke kan bututun ta nuna daidai inda wani mutum ya riƙa sa hannunsa na hagu tsawon shekaru, kuma farantin shi ne wanda aka ɗaura mata a 1938. Na karɓi takardar da ya rubuta duk abin da ya yi, na haɗa ta da wasiƙar ƙungiya da awon bututu da hotunan ciki a fayil ɗaya, domin duk wanda bindigar za ta koma hannunsa bayana ya san abin da aka taɓa da abin da ba a taɓa ba. Kwafin fayil ɗin ya tafi wurin kamfanin inshora.

27 ga Afrilu, 2024

Yau na harba ta a filin gwaji. Na yi amfani da harsasai masu sauƙin ƙarfi, oza ɗaya ta ƙwayoyin dalma lamba 6, ba don ƙarfen ba zai ɗauki fiye da haka ba, sai don tausaya wa katakon da ya shekara tamanin da biyar kuma aka ɗinke shi kwanan nan. Ƙwayoyin baƙin ƙarfe ba za su taɓa shiga wannan bututu ba, domin ba sa lanƙwasa idan sun iso matsewar baki, kuma suna iya kumbura shi ko su ɓalle doro. Tun 1991 doka ta hana farautar agwagin ruwa da dalma a duk faɗin Amurka, saboda haka idan buƙatar hakan ta taso, sai ƙwayoyin bismut, waɗanda ke da laushi kusa da na dalma.

Na kafa takarda a yadi 40, na zana da'ira mai faɗin inci 30 a inda ƙwayoyi suka fi taruwa, na ƙirga. Oza ɗaya ta lamba 6 tana ɗauke da ƙwayoyi wajen 225. Bututun dama ya zuba kusan kashi 60 cikin ɗari a cikin da'irar, na hagu ya haura kashi 70 kaɗan, kuma wannan ya yi daidai da matsewar da aka auna a watan Fabrairu. Abin da na fi son sani shi ne ko bututun biyu suna kai harbi wuri ɗaya, tun da a nan ne ake gane ko waɗanda suka liƙa su sun yi aikinsu da kula. Tsakiyar tarin biyu ta faɗi kusan a kan juna, ɗan sama da inda na saita, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai faɗin tafin hannu ba. Bayan harbin na duba kan ƙota da gilashi, layin bai motsa ba.

Na goge ta, na shafa wa ƙarfen mai kaɗan da tsumma, katakon kuma kaki, na ajiye ta a sef bakinta yana kallon ƙasa domin kada mai ya sake gangarawa cikin ƙota, da ma'aunin danshi a gefenta. Maƙerin ya nemi in dawo masa da ita a ƙarshen kaka ya sake cire ƙotar ya ga yadda gyaran ya zauna bayan ta sha harbi, kuma na sa wannan a watan Nuwamba.